Addu'ar Maraice (waƙar opera ta Humperdinck)

Addu'ar Maraice, wadda ake kira Abendsegen da Jamusanci, waƙa ce ta mutum biyu da ke cikin wasan opera mai suna Hänsel und Gretel. Engelbert Humperdinck, ɗan ƙasar Jamus, shi ne ya tsara kiɗanta, ƙanwarsa Adelheid Wette kuma ita ce ta rubuta kalmomin wasan. An fara nuna wasan a birnin Weimar a ranar 23 ga watan Disamba, 1893. Waƙar tana zuwa ne a kashi na biyu na wasan, lokacin da yara biyu da suka ɓace a daji suka durƙusa suna addu'a kafin barci ya ɗauke su. Rera ta ba ya wuce minti uku zuwa huɗu.

Duk da gajartarta, tana cikin waƙoƙin opera da mutane suka fi dangantawa da ƙuruciyarsu, musamman a ƙasashen da ake magana da Jamusanci. A can ana yawan nuna wasan a lokacin Kirsimeti, kuma shi ne opera na farko da ake kai yara da yawa su gani. Wannan shaƙuwar tana da dalilai da za a iya bin diddiginsu: yadda aka ƙirƙiri waƙar, yadda aka gina kiɗanta, da kuma lokaci da wurin da yaro ke fara jin ta.

Suna da ma'ana

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa, ƙungiyar makaɗa na raka mawaƙan daga farko zuwa ƙarshe. Kalmar daga Italiyanci take, ma'anarta kuwa "aiki". A cikin opera akwai wuraren da mutum ɗaya ke waƙa shi kaɗai, akwai na mutum biyu, akwai kuma na taron mawaƙa. Na mutum biyu shi Italiyawa ke kira duetto, daga kalmar due, wato biyu.

Sunan Abendsegen haɗin kalmomi biyu ne: Abend, wato maraice, da Segen, wato albarka. Ita Segen ta samo asali ne daga kalmar Latin signum, mai nufin alama, saboda al'adar Kiristoci ta yin alamar gicciye idan za su sa albarka. Ba Humperdinck ne ya ƙirƙiri sunan ba. Tun a shekarar 1529 Martin Luther ya sa addu'ar safe da ta maraice a cikin ƙaramin littafinsa na koyar da addini ga yara, kuma Jamusawa suna kiran ta maraicen da wannan suna. Saboda haka lokacin da wasan ya fito, masu kallo sun riga sun san kalmar daga gidajen iyayensu.

Waɗanda suka yi ta

An haifi Engelbert Humperdinck a garin Siegburg a ranar 1 ga Satumba, 1854, ya rasu a Neustrelitz a ranar 27 ga Satumba, 1921. Ya yi karatun kiɗa a Cologne da Munich. A farkon shekarun 1880 ya yi aiki a ƙarƙashin Richard Wagner a garin Bayreuth, inda ya taimaka wajen shirya wasan Parsifal da aka fara nunawa a 1882. Daga baya ya koyar da Siegfried, ɗan Wagner, ilimin kiɗa. Tasirin Wagner ya fito fili a yadda Humperdinck yake amfani da babbar ƙungiyar makaɗa, da yadda yake maimaita kari ɗaya a wurare daban-daban na wasa don ya tuna wa mai sauraro wani abu. Bai kamata a rikita shi da mawaƙin Birtaniya Arnold George Dorsey ba, wanda ya ɗauki sunan Engelbert Humperdinck a matsayin sunan sana'a a tsakiyar shekarun 1960.

Adelheid Wette an haife ta a 1858, ta rasu a 1916. Matar wani likita ce a birnin Cologne mai suna Hermann Wette, kuma ta saba rubuta ƙananan wasanni domin 'ya'yanta su yi a gida.

Yadda aka fara

Wasan bai fara a matsayin opera ba. A shekarar 1890 Adelheid ta rubuta ɗan wasa kan tatsuniyar Hansel da Gretel domin 'ya'yanta mata, ta roƙi wanta ya sa wa waƙoƙi huɗu kari. Da dangi suka ji, suka yaba, sai Humperdinck ya faɗaɗa aikin ya zama wasa mai waƙoƙi goma sha shida da maganganu a tsakaninsu. A Kirsimetin wannan shekarar ya ba budurwarsa Hedwig Taxer, wadda ya aura daga baya, wannan aikin a matsayin kyauta. Daga 1891 ya shiga mayar da shi cikakken opera mai kashi uku, ya kammala a 1893.

Richard Strauss, wanda a lokacin matashin jagoran makaɗa ne a Weimar, ya karanta rubutun kiɗan, ya yaba masa ƙwarai, kuma shi ya jagoranci nunin farko kwana biyu kafin Kirsimeti. Gustav Mahler ya jagoranci wasan a Hamburg a watan Satumba na 1894. A ranar 26 ga Disamba, 1894 aka nuna shi a Landan cikin fassarar Turanci ta Constance Bache, sannan ya isa New York a watan Oktoba na 1895.

Asalin tatsuniyar kuwa daga littafin Jacob da Wilhelm Grimm ne, wanda aka fara bugawa a 1812. A can iyaye ne ke kai yaran daji da gangan su yar da su saboda yunwa. A bugun farko mahaifiyarsu ce ta kawo shawarar, sai a bugun 1840 aka mayar da ita matar uba. Adelheid ta sassauta wannan. A wasanta uwar ba muguwa ba ce, talauci ne da gajiya suka sa ta hasala. Ita ce kuma ta ƙara Mai Yashi da Mai Raɓa da mala'iku goma sha huɗu, waɗanda babu su a tatsuniyar Grimm.

Matsayinta a cikin labarin

Hansel da Gretel 'ya'yan wani matalauci ne mai haɗa tsintsiya, Peter, da matarsa Gertrud. A kashi na ɗaya yaran suna gida su kaɗai, yunwa na cin su, sai suka bar aikin da aka sa su suka kama rawa. Uwar ta dawo, ta fusata, garin korarsu ta ture tulun madarar da ita kaɗai ce abincin daren gidan. Sai ta kora su daji su tsinko 'ya'yan itace. Bayan sun tafi uban ya dawo da abinci, domin ya yi ciniki a ranar. Da ya ji inda yaran suka nufa hankalinsa ya tashi, domin a wajen dutsen Ilsenstein akwai mayya mai cin yara. Shi da matarsa suka bazama nemansu.

A kashi na biyu yaran suna daji. Sun cika kwando, sun kuma cinye abin da suka tsinka cikin wasa. Duhu ya fara, Hansel ya gane ya ɓata hanya. Suka yi kira, ba wanda ya amsa sai amon muryarsu. Hazo ya taso, Gretel ta firgita tana ganin siffofi a cikinsa. A nan ne Mai Yashi ya fito. Shi wani ɗan ƙaramin mutum ne a tatsuniyoyin Turai, wanda ake cewa yana barbaɗa wa yara yashi a ido don barci ya zo. Ya kwantar musu da hankali ya tafi. Kafin su kwanta, Gretel ta tuna musu da addu'ar da suka saba yi a gida. Suka durƙusa suka haɗa hannu suka rera. Wannan ita ce Addu'ar Maraice.

Da suka yi barci, haske ya keto hazon, mala'iku goma sha huɗu suka sauko bibbiyu suka kewaye su. A wannan fitowar ba mai waƙa, makaɗa ne kawai, kuma karin addu'ar ne suke faɗaɗawa har labule ya sauka. A kashi na uku Mai Raɓa ya tashe su, suka tarar da gidan mayya da aka gina da kek da alewa. Mayyar ta kama su, amma suka yi mata dabara suka tura ta cikin tanderunta. Sauran yaran da ta mayar kek suka dawo mutane, iyayen kuma suka iso.

Wurin da aka sa waƙar yana da muhimmanci. Ta zo ne daidai bayan fitowar da ta fi kowacce ban tsoro, lokacin da yaran ba su da kowa. Mai kallo, musamman yaro, ya gama jin fargaba tare da su, sai kwanciyar hankali ta biyo baya nan take.

Kalmomin waƙar

Kalmomin ba na Adelheid ba ne gaba ɗaya. Tsohuwar addu'ar yara ce da aka daɗe ana yi a Jamus, kuma tana cikin tarin waƙoƙin gargajiya mai suna Des Knaben Wunderhorn, wanda Achim von Arnim da Clemens Brentano suka wallafa tsakanin 1805 da 1808. Abin da ke cikinta lissafi ne: mai addu'a yana ƙirga mala'iku goma sha huɗu da ke gadinsa idan ya kwanta, an kasa su gida bakwai, bibbiyu. Huɗu daga cikin rukunonin suna tsaye ne a sassan jikinsa, sama da ƙasa da gefe biyu. Sauran ukun kuma aiki aka ba su: rufe shi, tashinsa, da yi masa jagora zuwa aljanna. Wasu masana suna danganta adadin da waliyyai goma sha huɗu da Katolikan Jamus ke kira masu taimako a lokacin wahala.

Ta fuskar harshe, ginin addu'ar mai sauƙin haddacewa ne. Baitocin gajeru ne, kowane biyu suna da amsa-amo ɗaya, kuma kalmar da ke nufin "biyu" ita ke buɗe baiti bayan baiti. Irin wannan maimaici shi ake samu a waƙoƙin reno da na wasan yara a harsuna da dama. Yaron da bai iya karatu ba yana iya riƙe ta, domin yana bin sassan jikinsa ne yana ƙirgawa. Masu fassara ta zuwa wasu harsuna sukan fuskanci matsala ɗaya: dole adadin gaɓoɓin kowane baiti ya dace da karin da aka riga aka tsara, kuma dole lissafin ya kai goma sha huɗu. Wannan ya sa fassarorin sukan sauya aikin da aka ba wasu mala'ikun, amma ba sa taɓa adadinsu.

Tsarin kiɗa

Mata biyu ne ke rera waƙar. Gretel mai muryar soprano ce, wato mafi tsayin muryoyin mata. Hansel kuwa, duk da cewa namiji ne a labarin, mace mai muryar mezzo-soprano ce ke fitowa a matsayinsa, wadda muryarta ta ɗan fi kauri. Wannan tsohuwar al'ada ce a opera idan ana son nuna yaron da muryarsa ba ta buɗe ba. Ƙananan yara ba za su iya wasan ba a babban gidan opera, saboda muryarsu ba za ta fito ta saman ƙungiyar makaɗa mai girma irin ta Humperdinck ba.

An rubuta waƙar da tafiya a hankali, kamar waƙoƙin da jama'a ke rerawa tare a majami'un Jamus. Da farko muryoyin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna furta kowace gaɓa a lokaci ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu kuma mai daɗin ji ce. Daga tsakiya sai su rabu: ɗaya ta fara baiti, ɗayar ta biyo ta a baya, kamar ana miƙa wa juna. Kowane sabon baiti yana hawa sama da wanda ya gabace shi, har su kai ƙololuwa a kan ambaton aljanna, sannan su sauko su haɗu. Makaɗan suna raka su a hankali, akasari da kayan tsirkiya.

Mai sauraro ba ya haɗuwa da wannan kari sau ɗaya kawai. Da shi ake buɗe wasan baki ɗaya: kafin a ɗaga labule, masu busa ƙaho huɗu ne ke fara busa shi a hankali. A kashi na ɗaya, lokacin da Hansel ke kukan yunwa, Gretel ta tuna masa da wata magana ta mahaifinsu kan dogaro ga Allah a lokacin tsanani, kuma karin maganar daga na addu'ar aka ciro shi. Bayan addu'ar kanta sai ya dawo a fitowar mala'iku, sannan a ƙarshen wasan uban ya ɗauko shi, kowa ya amsa. Saboda haka a lokacin da yaran suka durƙusa, kunnen mai kallo ya riga ya saba da karin ko da ranar ya fara jin wasan, kuma kafin ya fita zai sake jin sa.

Al'adar Kirsimeti da watsawa ta rediyo

Babu Kirsimeti a cikin labarin. A lokacin ɗumi ma yake faruwa, tunda yaran 'ya'yan itace suka je tsinka. Abin da ya ɗaure wasan da bikin shi ne ranar da aka fara nuna shi, da gidan kek na mayya, wanda ya yi kama da irin wanda iyalai a Jamus ke haɗawa a wannan lokaci. Tun daga nan gidajen opera suka riƙa sa shi a jadawalin Disamba, iyaye da kakanni kuma suna kai yara.

Rediyo ya kai waƙar gidajen da ba su taɓa zuwa opera ba. A watan Janairu na 1923 BBC ta watsa wasan daga gidan opera na Covent Garden da ke Landan. A ranar Kirsimeti ta 1931 gidan Metropolitan Opera na New York ya zaɓe shi a matsayin opera na farko da ya watsa cikakke ta rediyo, kuma daga nan ne shirye-shiryensa na rediyo da aka shafe shekaru ana yi suka soma.

An kuma ciro waƙar daga wasan ana rera ta ita kaɗai. Ƙungiyoyin mawaƙa na makarantu da na majami'u suna koyon ta, saboda muryoyi biyu kawai take buƙata da fiyano. Ana jin ta a bukukuwan Kirsimeti, wani lokaci kuma a wajen jana'iza, domin ƙarshenta yana magana kan barci da aljanna. Mutane da yawa sun san ta ba tare da sun taɓa ganin wasan ba.

Dalilan shaƙuwa da ita

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun yi bincike da dama kan alaƙar kiɗa da tuna baya. Binciken nasu kan kiɗa ne gaba ɗaya, amma abin da suka gano yana taimakawa wajen fahimtar abin da ke faruwa da wannan waƙar.

Na farko shi ne sabo. A 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kan sa mutum ya ƙara son sa. Waƙar da ake maimaita karinta sau da yawa a dare ɗaya, kuma ake komawa a ji ta kowace shekara, ta cika wannan sharaɗi.

Na biyu shi ne wanda aka ji waƙar tare da shi. A wani bincike da Samuel Mehr da Lee Ann Song da Elizabeth Spelke suka wallafa a 2016, jarirai 'yan wata biyar sun fi mai da hankali ga baƙon da ya rera waƙar da iyayensu suka saba rera musu, abin da bai faru ba idan daga abin wasa suka ji waƙar. Jariran sun kuma riƙe karin bayan fiye da wata takwas. A 2013 Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da Justin Zupnick sun gano cewa ɗalibai suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin da suka yi tashe a lokacin samartakar iyayensu, wato waɗanda suka taso suna ji a gida. Wannan ya nuna cewa son waƙa yana iya bin gado kamar yadda harshe ke bi.

Na uku shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye kiɗa. A 2009 Petr Janata na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa wani sashe da ke bayan goshi yana aiki sosai idan mutum ya ji waƙar da ta tuna masa da wani abu na rayuwarsa. A 2015 Jörn-Henrik Jacobsen da abokan aikinsa sun nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe waƙoƙin da aka daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer ba ta saurin lalatawa. Shi ya sa tsohon da ya manta sunayen 'ya'yansa yake iya bin waƙar da ya koya yana yaro.

Tun kafin waɗannan bincike an lura da abin. A 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Johannes Hofer, ya ƙirƙiri kalmar nostalgia daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da ciwo, don ya bayyana begen gida da ke kama mutanen Siwizalan a ƙasashen waje. A ƙamus ɗinsa na kiɗa na 1768, Jean-Jacques Rousseau ya yi magana kan karin makiyayan Siwizalan da aka ce yana sa sojojinsu kuka. Ya ce ba a cikin sautin ƙarfin yake ba, a cikin abin da sautin ke tuna musu ne, shi ya sa baƙo ba ya jin komai idan an busa masa.

Addu'ar Maraice tana da wani abu da ya ƙara mata ƙarfi kan wannan. Abin da take magana a kai shi ne ainihin halin yaro: tsoron duhu, rashin iyaye a kusa, da neman mai tsaro kafin barci. Yaron da ke kallo yana ganin kansa a cikin yaran biyu. Idan ya girma ya dawo da nasa 'ya'yan, sai ya tsinci kansa a ɗaya ɓangaren, na mai fatan a tsare masa yara, kuma sau da yawa wanda ya fara kawo shi ba ya raye. Waƙar ba ta sauya ba, amma mai jin ta ya sauya matsayi.

Saɓani kan yadda ake nuna ta

Wannan shaƙuwar tana da tasiri kan gidajen opera. A al'ada sukan sauya tsarin dandamali da tufafin wasa bayan wasu shekaru, amma a Hänsel und Gretel wasu gidajen sun riƙe tsari ɗaya tsawon gomman shekaru. Gidan opera na Hannover ya ci gaba da nuna tsarin Steffen Tiggeler na 1964, na Hamburg kuma tsarin Peter Beauvais na 1972, har waɗanda suka gan su suna yara suka kawo jikokinsu.

A ɗaya ɓangaren akwai masu shirya wasa da ke ganin cewa kayan ado da mala'iku masu fukafukai sun rufe ainihin abin da labarin ke faɗa, wato yunwa da talauci. Richard Jones ɗan Birtaniya ya yi tsarin da aka fara nunawa a Wales a 1998, wanda Metropolitan Opera ta ɗauka a 2007 a madadin tsohon tsarinta na 1967. A wurinsa kowane kashi yana faruwa ne a ɗakin girki ko na cin abinci. Bayan addu'ar, maimakon mala'iku, masu dafa abinci goma sha huɗu ne ke fitowa su shimfiɗa wa yaran liyafa, domin mafarkin mai jin yunwa abinci ne. Masu goyon bayansa suna cewa ya dawo da nauyin da tatsuniyar Grimm ke da shi. Masu suka kuma suna cewa kalmomin waƙar mala'iku suka ambata, kuma kiɗan saukowarsu yake siffantawa. A ƙarƙashin wannan muhawara akwai tambayar ko gidan opera wurin adana abin da mutane suka saba ne, ko kuwa wurin sake duba shi. Abin lura shi ne duka ɓangarorin suna barin kiɗan addu'ar yadda Humperdinck ya rubuta shi.

Fitattun faya-faye

A 1953 Herbert von Karajan ya jagoranci ɗaukar wasan a Landan tare da makaɗan Philharmonia, inda Elisabeth Grümmer ta fito a Hansel, Elisabeth Schwarzkopf kuma a Gretel. Georg Solti ya ɗauke shi a Vienna a 1978 da Brigitte Fassbaender da Lucia Popp, sannan ya jagoranci kiɗan fim ɗin August Everding na 1981, wanda Fassbaender da Edita Gruberová suka fito a ciki. Jeffrey Tate ya ɗauke shi da Anne Sofie von Otter da Barbara Bonney. Faifan Turanci da Charles Mackerras ya jagoranta, mai ɗauke da Jennifer Larmore da Rebecca Evans, ya ci kyautar Grammy ta faifan opera mafi kyau a 2008.

Makamantanta

Akwai wasu waƙoƙin opera na mutum biyu da suka shiga kunnen jama'a tun suna yara, amma ta wasu hanyoyi. Waƙar Furanni ta wasan Lakmé, wanda Léo Delibes ya fitar a 1883, ta yaɗu ta tallace-tallacen kamfanin jiragen sama na British Airways. Waƙar Barcarolle ta Jacques Offenbach, daga wasan Les contes d'Hoffmann na 1881, ta sami sababbin masu sauraro ta fim ɗin Italiya La vita è bella na 1997. Waƙar abokai biyu ta wasan Les pêcheurs de perles na Georges Bizet, na 1863, ta shahara ta faifan Jussi Björling da Robert Merrill na farkon shekarun 1950. Duka ukun an rubuta su ne domin manya, daga baya rediyo da talabijin da fim suka kai su ga yara. Addu'ar Maraice kuwa daga ɗakin yara ta fito: tsohuwar addu'ar barci ce da ta shiga wasan da wata uwa ta fara rubuta wa 'ya'yanta, kawunsu ya sa mata kari, sannan ta hau dandamali.